Ƙofar Hawa na Tara

An yi wani mutum a nan Iskandariyya, a unguwar Asafra, layi biyu tsakanin gidansa da bakin teku. Ba zan faɗi sunansa ba, ya 'yan uwa, don yana nan da ransa, kuma abin da ya same shi ya ishe shi. Maƙwabta suna ce masa Abu Rihab, da sunan 'yarsa tilo. Mu ma haka za mu kira shi.

Mutumin nan ba mashayi ba ne, ba mazinaci ba ne, bai san hanyar gidan caca ba. Shekara goma sha tara yana sallah a bayana, a sahun farko, a gefen dama. Na fara da wannan ne don kada wani a cikinku ya gyara zama ya ce ai labarin 'yan iska ne, ba ruwansa.

Shekara talatin da biyu ya yi a wani ofishin gwamnati yana buga hatimi a kan takardun da wasu suka sa wa hannu. Ko sau ɗaya bai taɓa zama shugaban kowa ba. Ya yi ritaya da ɗan fansho, da ciwon baya, da wani ƙulli a zuciya cewa duniya ba ta san darajarsa ba.

Benen da yake zaune hawa goma sha biyu ne, gida biyu a kowane hawa, nasa a na goma. Kamar kowane bene, suna da ƙungiyar masu gida. Duk wata ana karɓar kuɗin lifta, da na injin da ke tura ruwa sama, da na fitilun matakala, da albashin mai gadi. Kun san shugabancin ƙungiyar nan ba mai so. Wanda duk ya riƙe, da baƙin jini yake sauka. Ranar da aka zauna zaɓe kowa ya sunkuyar da kai yana duban takalminsa, sai Abu Rihab ya ɗaga hannu. Abin nema ya samu, matar ɗan sanda ta haifi ɓarawo.

A faɗi gaskiya, ya yi aiki. An wanke tankin ruwa. Ruwa ya kai hawa na sha biyu, abin da aka shekara huɗu ba a gani ba. Bai taɓa cin ko ƙirshi ɗaya, kwabon ƙasar nan, na jama'a ba, kuma ya tabbatar kowa ya san haka. To a nan Shaiɗan ya samu ƙofa. Ya raya masa cewa wanda ba ya sata ba ya laifi. Tun daga nan duk abin da ya yi, sai ya dubi hannunsa ya ga tas, ya ci gaba.

Ana nan sai injin lifta ya ƙone. Aka sayo sabo, aka raba kuɗin, kowane gida fam dubu bakwai. Aka bi al'adar da kowa ya sani: wanda ya biya a ba shi ɗan makullin nan na roba da ake kangawa a cikin lifta kafin ta tashi, wanda bai biya ba ga matakala nan.

Kowa ya biya sai gida biyu, duka a hawa na tara. Ɗaya a kulle yake, mai shi yana Kuwait, shekara shida ba a ga ƙeyarsa ba. Ɗayan na Ustaz Hilmi ne.

Ustaz Hilmi tsohon malamin lissafi ne. Rabin yaran benen nan a kan teburin cin abincinsa suka koyi rabawa da ninkawa, bai taɓa karɓar ko kwalin shayi ba. Rihab tana cikinsu, ita ce ma 'yar gaban goshinsa. Allah bai ba shi haihuwa ba, daga shi sai matarsa, Madam Ihsan. Ƙodarsa ta mutu. Asabar da Litinin da Laraba yana asibiti, awa huɗu a jikin injin wankin ƙoda. Fanshon da yake karɓa a kantin magani yake ƙarewa.

Ya tako hawa ɗaya ya ƙwanƙwasa ƙofar shugaba. Ya ce, "Abu Rihab, ba ƙi na yi ba. Ka sassara mini shi, ɗari biyu duk wata."

Abu Rihab ya ce, "Ɗari biyu? Ustaz, kai ne malamin lissafi. Wata nawa ke nan?"

"Talatin da biyar."

"To mu ɗari biyu-biyu aka sayar mana da injin? Ko kana da takardar likita da ta ce za ka kai wata talatin da biyar ɗin?"

Ya 'yan uwa, mai ciwon ƙoda aka faɗa wa wannan magana, a bakin ƙofa, ko shigo ba a ce masa ba. Dattijon ya yi murmushi irin na wanda ya sha mari a cikin mutane, ya ce, "Gaskiyarka, ba ni da ita." Ya juya.

Da farko abin bai yi tsanani ba. Duk wanda ya tarar da Ustaz a ƙasa sai ya kanga masa makullinsa, su hau tare. Da Abu Rihab ya ji labari ya manna takarda a madubin lifta: duk wanda ya ɗauki wanda bai biya ba, za a kashe makullinsa wata guda. Katin da ake kashewa da rayawa yana aljihun rigarsa. Aka ɗauka wasa ne, sai da ya kashe na wata baiwar Allah a hawa na sha ɗaya. Wata guda tana hawa da kayan cefane da ƙafa. Daga ranar, in mutum ya hango Ustaz Hilmi a bakin lifta sai ya tuna ya manta wani abu a kanti.

Gida ashirin da biyu. Da kowanne ya ajiye kuɗin kilo ɗaya na nama, da magana ta mutu. Kowa ya ce wallahi abin ba daɗi. Kowa ya jira wani ya fara.

Ni ma da nake gaya muku, na je. Na zauna a falonsa na tuna masa cewa Allah ya yi umarni a jinkirta wa mai ƙunci har ya samu sauƙi. Ya saurare ni da ladabi, ya ce, "Ya Shehu, in na ɗaga wa ɗaya ƙafa gobe kowa ƙodarsa ta mutu. Kai da mumbari, ni da lifta." Na sha shayinsa na fito. Na ce zan taɓo maganar ran Juma'a. Juma'a ta zo na yi huɗuba a kan ladubban cin abinci. Allah ya yafe mini.

Madam Ihsan ce ta gano dabara. Makullin nan a cikin lifta kawai ake buƙatarsa. Maɓallin kira da ke waje, a bakin ƙofar kowane hawa, ba ruwansa da wanda ya biya da wanda bai biya ba. In sun dawo daga asibiti, sai ta bar mijinta a ƙasa wurin mai gadi, Ammu Gharib, ta hau da ƙafa. Ammu Gharib ya shigar da shi ya rufe ƙofa. Ita kuma ta danna maɓalli daga sama, lifta ta ɗauko mata mijinta har bakin ƙofa.

Wata biyu ana haka. Wa aka cuta? Injin ya yi ƙorafi? Dattijon da ko kilo hamsin bai kai ba?

Wata Litinin da la'asar Abu Rihab ya fito zai tafi masallaci, sai ya ji lifta ta tsaya a hawan da ke ƙasansa. Ya ji an buɗe ƙofa. Ya ji tsofaffin nan biyu suna ƙyalƙyala dariya ƙasa-ƙasa kamar yaran da suka tsinko gwaibar maƙwabci. Dariyar nan ce ta ƙona shi. A ransa ya ce wato shi aka mayar sakarai. Ranar ya yi sallah a bayana, amma Allah kaɗai ya san abin da ya karanta.

Washegari ya kira Usta Ramzi, makanikin da ke kula da liftar tun da aka gina benen. Ya ce, "Ka kashe mini hawa na tara. Maɓallin, da tsayawar, da komai."

Usta Ramzi ya ajiye jakar kayan aikinsa ya dube shi. "Ranka ya daɗe, ƙofofin nan a jere suke a waya ɗaya, kamar carbi. In na zare ɗaya sai na yi wa wurin gada, daga nan injin ba zai ƙara sanin ƙofar a buɗe take ko a rufe ba. Shekara arba'in ina wannan sana'a, ban taɓa sa hannu a ƙofa ba sai don in gyara ta."

"Ni nake biyanka ko kai kake biyana?"

"Kai ne. Riƙe kuɗinka, ni kuma in riƙe barcina."

Ya ɗauki jakarsa ya tafi, bai ƙara dawowa ba.

Bari in tsaya a nan kaɗan. Kowace ƙofar lifta tana da sakata a ciki, wadda ba ta sakin ƙofar sai lifta ta iso hawan ta tsaya. Shi ya sa dukanmu muka tashi da ɗabi'a ɗaya: ka ja ƙofa, in ta ƙi ka jira, in ta buɗe ka shiga. Ku gaya mini tsakani da Allah, wa ya taɓa leƙawa kafin ya sa ƙafa?

Abu Rihab ya samo wani mai gyaran fanka da dutsen guga a bakin kasuwa. Shi kam bai yi gardama ba, da an ce yanka sai ya ce ina wuƙa. Ya tsinke wayar maɓallin, ya yi gadar. A lokacin kuma sakatar hawa na uku tana ba da wahala, sabuwa fam ɗari tara. Abu Rihab ya ce, "Me za a saya? Ga ta tara nan ba ta da aiki. Cire ta ka kai uku." Aka cire. Aka samo 'yar waya irin ta shanya aka ɗaure hannun ƙofar hawa na tara da ita, aka murɗe.

Da zai sauko ya ɗaga kai ya ga ƙwan fitilar da ke haska hawan. Ya tuna ita ma da kuɗin ƙungiya take ci. Ya sa aka kwance ta. Matakalar benen ba ta da taga, ko da tsakar rana ne in ba fitila sai mutum ya lalubi bango.

Da yamma ya manna sabuwar takarda a madubi, da rubutunsa mai kyau irin na tsofaffin ma'aikata, yana yi wa jama'a albishir cewa ya yi musu tsimin fam ɗari tara.

Daga nan Ustaz Hilmi ya fara hawa da ƙafa. Taki ɗari da tamanin. Wanda ya taɓa raka mai wankin ƙoda gida ya san yadda suke fitowa, jiki kamar tsumman da aka matse. Madam Ihsan tana gaba da 'yar kujerar roba, duk hawan da suka kai ta ajiye masa ya zauna ya mayar da numfashi. Awa ɗaya da kwata suke yi. Sau biyu Ammu Gharib, mai shekara sittin da wani abu, ya goya shi a baya, sai da aka tuna masa cewa ɗakin da yake kwana da iyalinsa na ƙungiya ne.

Ƙofofin liftar suna da ɗan siririn gilashi a tsakiya. In Abu Rihab yana hawa, yakan hango su ta nan, wani lokaci a hawa na huɗu, wani lokaci a na shida, dattijon a kan kujera ya jingina kai da bango. Kada ku ce bai ji komai ba. Ya ji. Amma kafin lifta ta kai goma ya gama lallashin kansa: doka doka ce, ni ban ci kuɗin kowa ba, ya biya mana.

Matarsa ta yi magana sau ɗaya. Ta ce, "Abu Rihab, ka ji tsoron Allah. Mutumin nan shi ya koyar da 'yarmu." Ya ce ta kula da miyar lalonta, ta bar maza da aikin maza. Sannan ya rantse mata cewa in ta kuskura ta gaya wa Rihab, to a bakin aurenta.

Don kuwa akwai mutum ɗaya a duniya da yake jin nauyi, ita ce yarinyar nan. Ta yi karatun haɗa magunguna, ta yi aure a garin Tanta. Kullum bayan magariba sai ta kira shi, shi kuma muryarsa ta canja, har ba za ka ce shi ne mai manna takarda a madubi ba. Ko da ta bar gidan bai karɓi makullinta na lifta ba, duk da dokar da ya rubuta da hannunsa ta ce sai mazauna. In ta tambayi lafiyar malaminta sai ya ce, "Da sauƙi, yana gaishe ki."

Ustaz Hilmi ya fara tsallake ranar Litinin. Ya ce wa matarsa biyu ma sun isa. Ba asibitin yake tsoro ba, dawowar yake tsoro. Daga baya ya fara tsallake Laraba. Ƙafafunsa suka kumbura, ruwa ya hau ƙirji. Wata Alhamis da hantsi, yana kishingiɗe a gadonsa, ya cika.

Ƙanen Madam Ihsan ya iso daga ƙauye. Mutum ne da bai san komai a kan rigimar benen ba. Da aka gama wanka aka sa likkafani, ya fito neman yadda za a sauko da gawa. Ya lalubi ƙofar lifta ya ji waya, ya warware ta ya jefar, ya ja ƙofa. Allah ya so shi da sauran kwana, ya haska da wayar hannunsa, ya ga rami baƙi ƙirin. Ya yi baya yana salati, ya mayar da ƙofar, ya sauko da gudu wurin shugaba.

Ya ce, "Alhaji, don girman Allah a taimaka a kawo liftar nan sama, ko sau ɗaya. Gawa ce."

Abu Rihab ya ce, "Ba ta tsayawa a tara. Kuma ba a sa gawa a lifta, mata sai su ƙi shiga. Allah ya jiƙansa, mutumin kirki ne."

A cikin bargo aka sauko da shi, don makara ba ta juyawa a kwanar matakala. Maza shida suna karɓa-karɓa. A cikin wannan hidima ba wanda ya tuna da 'yar wayar da ke yashe a ƙasa cikin duhu. Ni na yi masa sallah bayan azahar. Abu Rihab yana sahun farko, a gefen dama.

Bayan la'asar aka fara zaman makoki, maza a ƙasa a bakin titi, mata a sama a gidan mamaci. Abu Rihab ya ga baƙi sun yi yawa, ya ji tsoron kada su cika masa lifta su lalata sabon inji. Ya ɗauko kujera ya dasa a bakin ƙofarta. Tsofaffin mata, abokan aikin marigayi da dangin matarsa, suna zuwa yana nuna musu matakala da ladabi.

Ku lura da kyau. Mazauna benen duk sun san ƙofar tara ta mutu, ba mai taɓa ta. Baƙi kuwa da ƙafa suka hau, sun san lifta ba tasu ba ce. Mutum ɗaya ne tak a duniya da ya saba da ƙofar nan tun yana yaro, yake da makulli a jakarsa, kuma ba a gaya masa komai ba.

Wajen ƙarfe huɗu da rabi sai ga Rihab cikin baƙaƙen kaya, idanunta sun kumbura. Wata ƙawarta ce ta sanar da ita, ta hau jirgin ƙasa ta taho.

Ta ce, "Baba, ya za a yi jikinsa ya yi tsanani haka ba wanda ya gaya mini? Kullum ka ce da sauƙi."

Ya ce, "Ajali ne, 'yata. Ba ya sallama."

"Kai kuma me kake yi a nan a kan kujera? An kori Ammu Gharib ne ka karɓi aikin?"

Ya yi 'yar dariya. Ya tashi ya buɗe mata ƙofa da kansa, ya kanga nasa makullin, ya danna mata goma. Ya ce, "Ki fara ajiye jakarki a gida ki wanke fuska, sai ki sauka da ƙafa, hawa ɗaya ne."

Ta sumbaci goshinsa. A daidai nan ya buɗe baki zai ce, kada ki taɓa ƙofar hawa na tara. Maganar ta zo har kan harshensa. Sai ya hango abin da zai biyo baya. Za ta ce don me. Za ta dube shi da idanun nan. Za ta san yadda malaminta ya yi watanninsa na ƙarshe, da wanda ya sa. Ya haɗiye maganar. A ransa ya ce, ai a ɗaure take.

Ya ji kunyar 'yarsa, ya 'yan uwa. Wata biyar yana abin da yake yi a gaban Allah bai ji kunya ba.

Ta yi kamar awa ɗaya a wurin makoki. Madam Ihsan ta rungume ta suka yi kuka, kuma baiwar Allahn nan ba ta ce mata uffan a kan ubanta ba. Matan benen ma suka kame baki, don wa zai dubi 'ya ya kushe mata uba a gidan mutuwa? Uwarta tana can cikin kicin tana dafa wa baƙi gahawa. Rihab ta duba agogo ta ga jirgin ƙarfe shida zai wuce ta. Ta leƙa ta yi wa uwar sallama, ta ce za ta tsaya ta gaida Baba a ƙasa.

Ta fito cikin duhu, idonta da sauran hawaye. Ta danna maɓalli kamar yadda ta saba. Ta ɗan jira. Ta ja ƙofa. Ƙofa ta buɗe.

Liftar tana can ƙasa. Abu Rihab ya tokare ƙofarta da ƙafar kujerarsa don kada wani ya kira ta.

Ya ji wata ƙara da ta girgiza benen. Fitilar cikin liftar ta mutu, ƙura ta turnuƙe. Ya zabura ya miƙe, ya ruga bakin matakala, ya ɗaga kai sama ya kwarma ihu, har mazan da ke zaune a bakin titi suka ji, ni ma ina cikinsu:

"Wane ɗan iska ne ya jefo kaya a kan lifta? Wallahi tallahi ko wane ne sai ya biya! Sai ya biya har ƙirshin ƙarshe!"

Ammu Gharib ya haura hawa na ɗaya ya haska ta gilashin ƙofa. Ya daɗe a tsaye. Da ya sauko sai ya zauna a kan matakala ya rufe fuskarsa da rawaninsa. Abu Rihab yana ta tambayarsa, "Mene ne? Buhu ne? Na wa ne?" Sai aka jiyo kururuwar mace daga sama tana saukowa hawa-hawa. Shekara talatin yana auren mai muryar nan, ya gane ta tun tana nesa.

Sauran labarin gajere ne. Mai gyaran fanka ya ɓace, har yau ba a san inda ya shiga ba. A kotu ba a sha wahalar neman shaida ba, takardar albishir ɗin tana nan manne a madubi da rubutun hannunsa. Aka ba shi shekara uku. Matarsa ta koma gidan ɗan'uwanta. Ba ta nemi saki ba, ba ta zage shi ba, kawai dai daga ranar ba ta ƙara furta masa kalma ɗaya ba. Gidan hawa na goma aka sayar, lauyoyi suka cinye rabi.

Bara ya fito. Yana haya a wani ɗaki a can bayan gari. Wata rana bayan azahar, mutane sun watse, na hango wani tsoho a can kusa da inda ake ajiye takalma. Sai da ya yi magana na gane shi. Na ɗauka zai tambaye ni hukuncin tuba, har na fara shirya ayoyi a raina.

Ya ce, "Ya Shehu, kai mai ilimi ne. Hawa tara. Mutum yana samun lokacin yin tunani a ciki? Ta samu lokacin da za ta gane ni ne?"

Shekara talatin ina amsa tambayoyin mutane. Ranar sai na sunkuyar da kai ina jan carbi. Ya jira, ya jira, ya ɗauki takalmansa ya fita.

Ya 'yan uwa, magabata sun ce in za ka gina ramin mugunta ka gina shi gajere. Shi nasa hawa tara ya gina, kuma ba shi ya faɗa ba. Da shi ya faɗa da ya huta. Ita yarinyar muna kyautata mata zato, ta fito ne daga yi wa maƙwabciya ta'aziyya, Allah ya karɓe ta. Shi aka bari da rai.

Kada wani ya fita daga nan ya ce na hana biyan kuɗin ƙungiya. Mai hali ya biya, hakki ne, wanda ya ƙi yana da shi azzalumi ne. Amma kai da aka ba ka riƙon wani abu na jama'a, ko makullin lifta ne, ko famfon ruwa, ko ƙofar gareji, ka sani jarrabawa aka ba ka. Fir'auna ƙasa guda aka ba shi ya yi girman kai. Wani kati ɗaya a aljihu ya ishe shi. Tsabtar hannu ba ta isa ba in zuciya ta bushe. Za a tambaye ka kuɗin, za a kuma tambaye ka maƙwabcin.

Mu kuma gida ashirin da biyun nan, da limaminsu, kada mu ɗauka mun tsira don ba a kai mu kotu ba. Mun gani, mun ce ba daɗi, mun shige lifta mun rufe ƙofa. In akwai wani a beninku da yake hawa da ƙafa yau don ba shi da shi, kun san shi, kun san lambar ƙofarsa. Kada ku jira Juma'a.

Allah ya jiƙan Ustaz Hilmi, ya jiƙan Rihab, ya ba iyayenta da Madam Ihsan haƙuri. Allah ya karɓi tuban wanda ya tuba. Allah kada ka ba mu iko a kan mai rauni sai ka haɗa mana da tausayi. Allah ya kiyaye mu, ya kiyaye 'ya'yanmu daga abin da hannayenmu suka ƙulla. Amin.